Makarar da Mayen Ƙarfe Ya Ƙi Kamawa

Duk garin da Allah ya so da sauƙi yakan ba shi mutum ɗaya wanda ya san komai, don sauran jama'a su huta da tunani. Mu a Birnin Kebbi, a unguwarmu ta Nassarawa, an ba mu Alhaji Hodi. Ba mu roƙa ba. Kyauta ce, mun kuwa gode.

Alhaji Hodi ya yi aikin tsaron sito a wani ofishin ayyuka tun kafin a yanka mana jihar Sakkwato, har zuwa zamanin sojan nan da aka sallame shi tare da wasu. Shi dai bai taɓa cewa an sallame shi ba. Ya ce gwamnati ce ta ga iliminsa ya yi wa sito yawa, ta sako shi ga al'umma. A sito ɗin ya zauna da ƙusoshi da shebur da kwanon rufi har suka saba da juna, ya fito da laƙabin Injiniya, wanda babu wata makaranta da ta sha wahalar ba shi. Mutum ne dogo mai cikar ciki, mai haƙorin Makka guda a gaba. In zai yi magana yakan fara gyaran murya, ya jira har wurin ya yi tsit, ko da shi kaɗai ne a wurin.

Amma abin da ya ɗaga shi sama da sauran masanan ƙasar nan shi ne mayen ƙarfensa. Wani baƙin zobe ne mai faɗin tafin hannu. Alhaji ya ce wani Bature ne ya kawo masa daga Jamus, ya damƙa masa a asirce ranar da zai koma gida, yana hawaye. Masu hassada, waɗanda ba a rasa su ko a cikin sahun farko, sun ce daga bayan tsohuwar lasifikar wani mai kiɗan biki aka ciro shi. Ni ban shiga wannan gardama ba. Na dai lura duk lasifikar da na taɓa gani a buɗe tana da irinsa a baya, abin da ya nuna mini Jamusawa mutane ne masu yawan kyauta.

Ya sa baduku ya ɗinka wa mayen gida na jar fata, da igiya, yana rataye shi a ƙarƙashin babbar riga kamar laya. Iliminsa kuwa bai da wuyar hadda, domin jimla biyu ce kacal.

"Ƙarhe iri biyu na a duniya," in ji shi. "Akwai wanda maye ya kama, akwai kuma wanda anka cuce ka."

Daga nan ne matan unguwa suka raɗa masa suna Kama-ko-Saki. Da sunan ya iso kunnensa sai ya ɗauka sarauta ce, ya aika musu da goro.

Ranar kasuwa ita ce ranar shari'arsa. Yakan shiga rumfar masu kwanuka ba tare da an kira shi ba, ya zaro maye, ya yi ta yanke hukunci. Farantin tagulla da aka kawo tun daga Bida ya ce jabu ne. Tukunyar alminiyam ya ce takarda ce aka daskarar. Wayar jan ƙarfe ya ce ba ta da asali. Wata rana, bayan ya gama kushe kayan rumfa guda, mayen ya kuɓuce masa ya faɗa gefen kwata, ya fito da wani tsohon gwangwanin madara manne a jikinsa. Alhaji ya ɗaga gwangwanin sama ya nuna wa jama'a, ya ce a duba abin da ake kira kayan ƙwarai, irin na zamanin Turawa. Mai rumfar ya tambaye shi ko zai tafi da shi gida ne a naɗe masa. Alhaji ya gyara riga ya wuce, domin manya ba su amsa kowace tambaya.

Har Argungu iliminsa ya ƙetara. Ya je ɗaurin aure, ya bi ta bakin gulbi, ya tarar da masunta suna gyaran birgi, wato tarun nan da ake jefawa, mai ƙwayoyin dalma a baki don ya nutse. Ya tsuguna ya gwada dalmar. Maye ya ƙi.

"Inna lillahi!" in ji shi. "Shekara nawa kuna su da ƙarya ga bakin tarunku? Ku cire wanga abu ku ɗaura noti na ƙarhe, ku ga yadda kihi za shi girmama ku."

Masunta suka dubi juna. Babbansu ya ce Allah ya saka da alheri, ya miƙa masa tarwaɗa guda, ya nuna masa hanyar tasha. Har yau Alhaji yana ba da labarin yadda Kabawan Argungu suka karrama shi da kifi saboda ya farkar da su.

Mutum ɗaya ne a duniya yake da ikon taɓa shi: Labbo, taubashinsa, ɗan kawunsa, manomin shinkafa da albasa a fadamar wajen Ambursa. Wata rana a majalisar ƙofar masallaci Alhaji na tsakiyar bayanin yadda jabu ya cika ƙasa, sai Labbo ya ce:

"Kai Hodi, buɗe baki mu aza mayen ga haƙorinka na Makka. In bai kama ba mu kira wanzami ya hidda shi, kada ka mutu da jabu cikin baki."

Alhaji ya rufe baki da sauri, ya yi magana ta gefe. "Haƙori ado na, jahili, ba ƙarhe ba. Kai mi kas sani ban da albasa?"

"Na san tana sa hawaye, kama da karatunka."

Da a nan abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Mutum da mayensa, me ya shafe ni? Amma ya zo ya shafe ni.

Ni malamin makaranta ne, na yi karatun kimiyya a jami'a a Zariya. 'Yata Asiya ta rasu da bazara, sanƙarau ne, tana ajin ƙarshe na sakandare. Aka ɗauke ta a makarar unguwa, wata tsohuwa ta rodi da ake jinginewa a bayan masallaci, ƙarƙashin indararo. A hanya tabarmar da aka shimfiɗa a kai ta ɗan zame. Da aka sauke ta a bakin kabari na ga jan layi na tsatsa a kan likkafaninta, daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ba laifin kowa ba ne. Na san ƙasa za ta yi wa likkafanin abin da ya fi haka. Na san ba ya rage mata komai a wurin Ubangijinta. Duk na sani. Amma uwarta ce ta wanke hannu ta ninke wannan farin ƙyalle da safe, kuma layin nan shi ne abu na ƙarshe da na gani na Asiya.

Ban faɗa wa kowa ba sai matata Riskuwa, ita ma sai bayan an share makoki. Muka yanke shawarar yi wa unguwa makara sadaka, ladan ya isa ga yarinyar duk lokacin da aka ɗauki wani a kanta, kuma ta zama wadda ba za ta ɓata likkafanin ɗan kowa ba.

Na samo bututun a Sakkwato, wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ragowar wata masana'anta. Farin ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, irin na cokula da kwanukan da mata ke kira silba. Na kai wa Isuwa mai walda, mutumin Filato da ya daɗe a garin nan. Da na gaya masa abin da za a yi da shi sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Sandar waldar da ta dace da wannan ƙarfe ba ta garin, sai da aka aiko masa daga Kaduna. Ya yi aikin a tsanake, ya goge kowace gaɓa har ba inda zai kama zare. Mutum biyu na ɗaga ta ba tare da nishi ba.

Bayan sallar la'asar muka kai ta ƙofar masallaci. Liman, Malam Sama'ila, dattijo ne mai tsoron Allah da tsoron hayaniya. Ya shafa ta, ya fara sa albarka. Bai kai ƙarshen addu'ar ba aka ji gyaran murya.

Na manta ban faɗa ba: Alhaji Hodi shi ne Shugaban Kwamitin Kayan Masallaci da Maƙabarta. Shi ya kafa kwamitin, shi ya zaɓi shugaba. Sauran 'yan kwamitin ba a taɓa ganin fuskarsu ba, amma an ce kullum bakinsu ɗaya da nasa.

Ya zagaya makarar hannu a baya. Ya zaro maye daga gidansa, ya hure shi, ya aza a kan bututu, ya saki. Maye ya sulale ya faɗi cikin rairayi. Ya ɗauka ya gwada ɗaya gefen. Ya sake faɗuwa. A wajen lanƙwasa, inda aka tanƙwara bututun, mayen ya ɗan yi kamar zai riƙe, sannan ya saki.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Ko shi abin ya ji kunya, ya so ya yi ƙarya ya kasa." Ya juya ga jama'a, ya buɗe hannuwa. "Jama'ar Annabi, ni ba ni son ɓata ma kowa rai. Malam na cikin baƙin ciki, shi ya sa mayaudaran Sakkwato sunka same shi da sauƙi. Amma amana ta anka ba ni. Wanga ba ƙarhe ba na. Cokalin shan shayi na anka miƙe. In muna tsakiyar hanya ya lanƙwashe da gawa, wa za a tambaya? Hodi! Muddin ina numhwashi ba a aza musulmi bisa cokali."

Na ce masa, a hankali yadda zan iya: "Alhaji, akwai ƙarfe a cikinsa, shi ne ma mafi yawa. An haɗa shi ne da wasu ma'adinai don kada ya yi tsatsa, haɗin ne ya sa maye ba ya kama wannan iri. Akwai danginsa da maye ke kamawa, kamar wasu wuƙaƙen tebur. Maye ba ya auna ƙarfi, ba ya auna kyau. A hau ta mutum uku a gani."

Fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir.

"Kun ji! Da bakinai ya ce haɗi na! Gauraye! Jama'a, in anka haɗa nono da ruwa mi a sunanshi? In anka haɗa shinkahwa da tsakuwa hwa? Malam, mun gode da kaf hwaɗi gaskiya. Ilimin littahi daban, ilimin sito daban."

Wasu suka yi dariya, wasu suka dubi ƙasa. Liman ya ce a yi haƙuri, a bar maganar a hannun kwamiti a duba. A garinmu, in aka ce za a duba abu, to an gama ganinsa ke nan.

Muka mayar da makarar gida. Ba ta da wurin zama sai zaure, muka rataye ta a bango. Duk wanda zai shiga gidana sai ya wuce ta gabanta, har da Riskuwa. Sau ɗaya ta tambaye ni.

"Malam, ƙin ta suka yi?"

Na ce ana dubawa.

Ta wuce ciki. Washegari na tarar ta lulluɓe ta da wani zane na Asiya. Haka sadakar yarinyar ta zauna a bango, ba ta ɗauki kowa ba, ba ta kai mata komai ba.

Shi kuwa Alhaji bai zauna ba. Mai ilimi ba ya rushe abu ya bar wurin fili. Ya sanar da cewa kwamiti zai samar wa unguwa makara ta gaskiya. Ya je garejin manyan motoci ya zaɓo ƙarfen da hannunsa, ko in ce da mayensa: dogayen ƙarafan ƙasan wata motar roka da ta mutu a hanyar Jega, da sifirinta, da wani guntun ƙyauren sito. Duk wanda maye ya fi cafka da ƙarfi shi ya fi daraja. Ya kai wa wani mai walda daban, ya tsaya a kansa yana ba da umarni. Aka shafa mata koren fenti, aka yi mata tanƙwararrun bakuna a sama kamar ƙofar gidan gwamna.

Ba a taɓa yin bikin buɗe makara a Birnin Kebbi ba, amma Alhaji ba ya jiran a riga shi. Aka jera kujeru a ƙofar masallaci, aka ɗauko lasifika, aka gayyato baƙi har daga Argungu. Motar a-kori-kura ce ta kawo ta, bayanta na jan ƙasa.

"Yau," in ji Alhaji cikin lasifika, "rana ta da kimiyya tac ci nasara bisa jabu. Wagga makara, jikokin jikokinmu za su hau ta. Ko Kaduna babu irinta. Ko Ingila, in sun ji labari, za su aiko a auna."

Ya zaro maye, ya riƙe shi nesa kaɗan, ya saki. Ƙwas! Sai da aka ji ƙarar a bakin titi. Ya sa hannu biyu da ƙafa ɗaya kafin ya ɓamɓare shi. Aka yi kabbara, domin an ga yana jiran a yi.

Sannan aka kira matasa su ɗaga ta a nuna wa baƙi. Huɗu suka kama, ta ƙi motsi. Aka ƙara biyu. Ta tashi zuwa gwiwa, jijiyoyin wuyansu suka fito, ɗaya ya ce wayyo bayansa. Babu kowa a kanta, ka tuna. Wani baƙo daga Argungu ya tambaya cikin ladabi ko da mamacin a ciki aka ƙera ta.

"Nauyi shi a daraja," in ji Alhaji. "Abin da bai da nauyi bai da mutunci."

Ya mayar da maye ƙarƙashin riga, ya sunkuya zai nuna wa baƙi kyan walda. Mayen kuwa bai san an gama gwaji ba. Ya ja ta cikin riga ya manne wa makarar, igiya ta riƙe wuyan Shugaba, ya tsaya a duƙe kamar mai ruku'u, lasifika na watsa numfashinsa ga unguwa. Labbo ne ya taso ya cece shi, amma bai yi sauri ba.

"Tsaya ka ƙare gaisuwa tukuna, ta girme ka," in ji Labbo. Da ya ɓalle shi sai ya juya ga jama'a. "Liman, ku shaida. Ranar da nam mutu kada ku aza ni bisa wagga gada ta Hodi. Ni na sha nauyin buhu a duniya, ba ni son in bar ma mutane ciwon baya gado. Ku ɗauko min cokalin Malam."

Aka yi dariya, aka ci ƙosai, aka watse. Sai a lokacin aka gane makarar ba ta shiga ƙofar ɗakin ajiya na masallaci. Aka bar ta a waje, a ƙarƙashin indararon da tsohuwar makarar ta zauna.

A wurinmu, ɗaukar gawa rabo ne na kowa. Ana tafiya da sauri, ana karɓa-karɓa, wannan ya sa kafaɗa ya yi ɗan taki, wancan ya karɓe shi, don kowa ya sami ladansa. Tsoho mai sanda ma yakan miƙa wa wani sandar ya sa kafaɗa ko na ɗan lokaci ne, musamman in abokinsa ne ake rakawa. Makarar Alhaji ta kawo gyara a wannan tsohuwar al'ada. Tsofaffi suka koma 'yan kallo. Sai ƙarti, su ma sai an zaɓa. Tafiyar da aka san ta da hanzari ta koma ta raƙumi mai ciwon ƙafa. Wani dattijo da aka hana shi ɗaukar ƙaninsa ya bi bayan jama'a yana share ido da hannun riga. Alhaji ya ce wannan shi ake kira tsari.

Da damina ta sauka, koren fenti ya fara tashi kamar ɓawon albasa. Abin da ke ƙarƙashinsa ya fito ja. Alhaji ya ce alamar ƙarfen ƙwarai ke nan, jabu ba ya iya tsatsa. A wannan kam ya kusa faɗin gaskiya, bisa kuskure.

A cikin wannan damina Labbo ya dawo daga fadama da zazzaɓi, ya kwanta, bai tashi ba. An kwana ana ruwa, hanyar maƙabarta ta zama laka. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, matasa suka nufi bayan masallaci. Sai babban ɗansa, Abdussamadu, magidanci mai 'ya'ya, ya tsaya gaban Liman.

"Allah shi gafarta Malam, Baba ya bar wasiyya. Ya ce ba wagga ba."

"Wasa na!" in ji Alhaji. Idanunsa sun yi ja. "Taubashina na, tun muna yara haka shika yi min. Wa ka ɗaukar wasan taubashi wasiyya?"

"Ya sake hwaɗi jiya, Baba Hodi, hankalinai garau. Ya ce in gaya maka kai musamman."

Jama'a suka dubi Liman. Malam Sama'ila ya dubi gadar, wadda jan ruwa ke ɗiga daga gaɓoɓinta, ya dubi lakar da ke gaba. A karo na farko tun da na san shi, tsoron Allah ya rinjayi tsoron hayaniya.

"Ba a jinkirta gawa don gardama," in ji shi. "Ya hwaɗi gaban shaidu, ni ma ina ciki. Ku tahi gidan Malam."

Da muka isa zaure sai muka tarar Riskuwa ta riga ta ji. Ta cire zanen, ta goge makarar da tsumma, ta koma ciki. Ban ga fuskarta ba, kuma ban nema ba.

Aka aza Labbo. Aka yi masa salla, aka ɗauka. Tsofaffin da aka daɗe da mayar da su baya suka yi ta kutsowa, kowa na miƙa kafaɗa. An bi ta cikin laka ba wanda ya durƙusa. Bututu bai lanƙwashe ba. A tsakiyar hanya Alhaji Hodi ya matso ya karɓi gaba. Ya tattara ƙarfinsa duka kamar yadda gadarsa ta koya wa mutane, ya yunƙura, sai ga gefensa ya yi sama har na bayansa ya ce a hankali. Daga nan ya ci gaba da tafiya yana kuka, mayen na lilo a ƙirjinsa bai kama komai ba. Ban yi masa dariya a ranar ba. Na san abin da ke kafaɗarsa, kuma ba a auna shi da nauyin bututu.

A bakin kabari na duba likkafanin. Fari ne tas. Da na koma gida abin da na gaya wa Riskuwa ke nan, ba ƙari. Ta ce alhamdu lillahi, Allah ya kai ladan.

Mai karatu zai zaci a nan Alhaji ya sauko. Wanda ya zaci haka bai san manyan mutane ba. Ana gama sadakar bakwai aka ji gyaran murya a ƙofar masallaci.

"Jama'a, kwamiti ya zauna." Ya dubi gefensa na dama da na hagu, inda kwamitin yake. "Mun yi bincike mai zurhi. Makarar Malam tana da niyya mai kyau, amma ba ta da asali. To ilimi bai bar mu haka nan ba. Na gano maganin abin. Za a yi mata dashe."

Dashen shi ne wani falle na baƙin ƙarfe mai tsawon taƙi, da aka yanko daga jikin gadarsa, za a ɗaure shi da noti a jikin makarar. A bayaninsa, asalin zai riƙa ratsawa daga fallen zuwa sauran bututun a hankali, kamar yadda gishiri ke ratsa miya. Tun da kuwa fallen fili ne, kuma fili ba ya kyau a bar shi haka, sai aka kira mai rubutun allon shago ya rubuta da farin fenti: An inganta ta a ƙarƙashin kulawar Injiniya Alhaji Hodi.

Liman ya zo gidana da kansa, yana jin nauyi, ya tambaya ko na yarda, ko kuwa ina son a sa sunan yarinyar. Na ce wanda muke nema ya san sunanta. Sharaɗina ɗaya ne: a ɗaura fallen ta ƙasa, wajen ƙafa, inda ba zai taɓa likkafani ba. Alhaji ya amince nan take. Ya ce dama ginshiƙi a ƙasa yake.

Aka sake taruwa. Aka kifa makarar. Alhaji ya zaro maye, ya hure shi, ya saki a kan fallen. Ƙwas!

"Allahu akbar," in ji shi. "Yanzu ta zama ƙarhe. Malam, ba sai ka gode min ba, aikinmu na."

Na gode masa duk da haka. Makarar ta shiga ɗakin ajiya, tun daga ranar kuma ita ake ɗauka. Har daga Gwadangaji ana zuwa aro.

Gadar Alhaji ma ba ta tashi a banza ba. A wata Asabar ta tsabtar gari aka rasa abin da za a ɗora a kan kwatar da ke gaban masallaci, matasa suka yanke bakunan, suka ja ta suka shimfiɗa. Ta zauna daram. Jakai na bi ta kai da kayan albasa, har amalanke. Labbo ya faɗi sunanta tun ranar farko, Allah ya jiƙansa. Alhaji ya ce dama da wannan nufin ya ƙera ta, aiki biyu.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Makarar tana nan fes kamar ranar da Isuwa ya goge ta. Wuri ɗaya ne kawai a jikinta yake tsatsa. Duk Juma'a Alhaji yakan shiga ɗakin ajiya, ya durƙusa, ya leƙa ƙasa, ya gwada dashensa, ya fito ya shaida wa jama'a cewa asali na nan. Ni ma na leƙa kwanan baya. Tsatsa ta riga ta cinye Injiniya, ta kama Alhaji. Maye kuwa yana kamawa sarai.